Kason farko a inshorar lafiya: yadda wani dillalin albasa a Legas ya zaɓi nasa

A ƙarshen watan Nuwamban 2024 baffana, ƙanin mahaifina, ya kira ni bayan sallar isha'i ya ce in biyo ta gidansa a Agege idan na tashi daga aiki washegari, domin akwai takardar da yake so in duba masa kafin ya sa hannu. Baffa dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, ya haura shekara 25 yana saro kaya daga Aliero ta jihar Kebbi da wasu garuruwan Sakkwato yana saukewa a Legas. Shekarunsa 54, yana da mata ɗaya da 'ya'ya biyar a gabansa. Ni kuwa akanta ne a wani kamfani a Ikeja, saboda haka duk abin da ya shafi lissafi a cikin dangi ni ake nema.

Takardar tayi ce daga wani kamfanin inshorar lafiya, irin waɗanda ake kira HMO, kuma ta zo da matakai uku ga iyali mai mutum bakwai. A mataki na farko zubin shekara naira 960,000 ne, majiyyaci ba ya biyan komai a asibiti sai kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. A na biyu zubin naira 720,000 ne, amma akwai kason farko na naira 150,000. A na uku zubin ya sauka zuwa naira 480,000, kason farko kuma ya hau zuwa naira 500,000. Asibitocin da za a iya zuwa iri ɗaya ne a duka ukun, haka nan iyakar abin da kamfani zai biya wa mutum ɗaya a shekara, wato naira 3,000,000. Kafin in iso Baffa ya riga ya zagaye na ukun da biro.

Abin da nake kira kason farko shi ne wanda ma'aikatan inshora suke ce wa didoktibul, wato adadin kuɗin asibitin da mai inshora zai fara biya daga aljihunsa a cikin shekara kafin kamfani ya sa hannunsa a kan ko sisi. Gwargwadon girman wannan kaso, gwargwadon sauƙin zubin shekara, domin kamfani ya sauke wa kansa ƙananan cututtukan da suka fi yawa, ya tsaya a kan manyan da ba kullum suke zuwa ba. Tsari ne da ya yi ƙarfi a Amurka, amma mu a nan ba mu saba da shi ba sosai. Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke ƙarƙashin tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, wanda aka fara a 2005 kuma dokar 2022 ta mayar da shi NHIA, kashi 10 na kuɗin magani kawai ya sani. Yawancin tsare-tsaren kamfanoni masu zaman kansu ma da wasu hanyoyi suke kare kansu, kamar iyakar shekara da lokacin jira da jerin cututtukan da ba sa biya. Shi ya sa idan aka ajiye wa ɗan kasuwa takarda mai kason farko, idonsa kan zubi yake fara sauka, sauran layukan kuwa sai ya bi ta kansu ya wuce.

Dalilin da ya kai Baffa neman inshora ba ɓoyayye ba ne. Tun bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023, kuɗin magani ya yi tashin da kowane magidanci ya ji a jikinsa, a ƙasar da dama can sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Shi kansa yana fama da hawan jini shekara shida ke nan, autarsa kuma, yarinya 'yar shekara tara, tana da amosanin jini, abin da aka fi sani da sikila. Ya daɗe yana ɗari-ɗari da batun inshora ta fuskar addini, har sai da ya tambayi wani malami da yake ɗaukar karatu a wurinsa, ya ji bayanin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, wanda NAICOM, hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013, da kuma abin da malamai suke faɗa game da lalura, sannan hankalinsa ya kwanta. Wanda ya haɗa shi da wannan kamfani maƙwabcinsa ne a kasuwa, wani matashi mai sana'ar tumatir, wanda ya ɗauki mataki mai babban kaso ga kansa da matarsa da ɗansu guda, kuma shekara biyu ke nan yana yabon tsarin.

Na roƙi Hajiya, matar Baffa, ta kawo mini duk wata takardar asibiti da ta kemis da take ajiye da ita. Ta fito da wani gwangwanin biskit cike da rasidai, wasu sun koɗe har sai an kara su da fitila kafin a gane adadin, wasu an rubuta kuɗin a bayan ambulan ɗin magani. Mun shafe kusan awa biyu a kan tabarma muna warewa, ita tana tuna wace takarda ce ta wane ciwo, ni ina rubutawa. Abin da ya fito na wata 12 shi ne: magungunan hawan jinin Baffa da gwaje-gwajensa sun ci kusan naira 300,000, yarinya, da magungunanta na kullum da kwanciya biyu a asibiti da ƙarin jini sau ɗaya, ta ci kusan naira 420,000, sauran mutum biyar, zazzaɓin cizon sauro da mura da ciwon haƙori da makamantansu, sun ci kusan naira 130,000. Jimla naira 850,000.

Daga nan na koma kan takardar kamfani ina neman amsar tambaya guda: wannan kason farko a kan iyali baki ɗaya yake, ko a kan kowane mutum? Baffa ya ce mai tallan ya gaya masa "dubu ɗari biyar ne a shekara", shi ke nan. A shafi na huɗu, cikin ƙananan haruffa, aka rubuta cewa a kan kowane mutum ne. Wannan 'yar jimla ita ce ta juya lissafin gaba ɗaya. Da a kan iyali ne, mataki na biyu zai tsaya wa Baffa a naira 870,000 komai tsananin shekara, wato ƙasa da zubin mataki na farko ma, kuma da shi zan ce ya ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Amma tun da a kan kowane mutum ne, shi zai cika nasa 150,000, yarinya ta cika nata, sauran biyar kuma babu wanda zai kai kason, saboda haka 130,000 ɗinsu duka daga aljihu za ta fito. Idan aka haɗa da zubi ya zama naira 1,150,000. A mataki na uku kuwa, wanda ya zagaye da biro, babu ko mutum ɗaya a gidan da kuɗin jinyarsa na bara ya kai 500,000. Ma'ana zai zuba wa kamfani 480,000, sannan ya biya 850,000 ɗin nan da hannunsa kamar yadda ya saba, jimla naira 1,330,000. Mataki na farko, wanda ya fi tsada a ido, idan aka ɗora masa kashi 10 na magani, kusan naira 40,000, a miliyan ɗaya yake tsayawa.

Baffa ya karɓi littafin ya bi lambobin da yatsa har ƙasa, sannan ya yi tambayar da ta dace da mutumin da ya san kuɗi. Ya ce, "To ɗana, ai ta wannan lissafi naka rashin inshorar ya fi duka arha. Bara dubu ɗari takwas da hamsin na kashe, yanzu kana cewa in ba da miliyan." Na ce masa haka ne, kuma ban yi ƙoƙarin lulluɓe wannan gaskiya ba. Idan kowace shekara za ta zo kamar bara, babu dalilin sayen inshora. Abin da ake saye shi ne kariya daga shekarar da ba ta yi kama da bara ba, shekarar da mai hawan jini zai wayi gari da shanyewar ɓarin jiki, ko yarinya mai sikila ta kamu da ciwon ƙirjin da zai kai ta sashen kulawa ta musamman, inda kwana kaɗan suke cinye abin da aka tara a shekara. Duka matakan uku suna ba da wannan kariya daidai wa daida. Bambancinsu yana ga wanda zai ɗauki kuɗin jinyar yau da kullum, kuma a gidan da aka san tabbas mutum biyu za su sha magani kowane wata, wannan kuɗi ba hatsari ba ne da ake tsammani ko a tsira, bashi ne da ranar biyansa take a rubuce.

A ganina, duk da muhimmancin wannan lissafi, ba shi ne ya fi nauyi a lamarin Baffa ba. Abin da ya fi nauyi shi ne yadda kuɗin albasa yake tafiya a cikin shekara. Albasa tana fitowa da yawa a rani, daga wajen Janairu zuwa Afrilu, lokacin ne take arha, kuma lokacin ne dillali irin Baffa yake zuba kusan duk abin da ya mallaka ya saya ya adana a rumbuna can Arewa, yana jiran ta yi daraja daga ƙarshen damina zuwa ƙarshen shekara. Daga Afrilu zuwa Agusta mutum ne mai dukiya amma marar kuɗi a hannu, ga kuɗin makarantar yara, ga bashin da 'yan kiri ba su gama biya ba. Waɗannan watanni kuma su ne na ruwan Legas, wanda yake tsananta a Yuni da Yuli, lokacin sanyi da sauro, kuma da muka duba kwanan watan rasidai sai muka ga duka kwanciya biyun da yarinya ta yi a cikinsu suka faɗo. Watan da ta fi buƙatar asibiti shi ne watan da aljihun mahaifinta ya fi bushewa. Maƙwabcinsa mai tumatir ba shi da wannan matsala, domin tumatir ba ya kwana a rumbu, kuɗinsa yana juyawa cikin kwanaki, iyalinsa ƙanana ne masu ƙoshin lafiya, kuma idan ta kama ya fitar da 500,000 a yini ɗaya zai iya. Babban kaso ya dace da shi, kuma bai yaudari Baffa ba da ya yaba masa. Gidajen ne ba ɗaya ba.

Hajiya ce ta ƙara abin da babu shi a rasidi. Ta ce, "Alhaji, ka tuna daren da kana Aliero jikin yarinyar nan ya yi zafi? Sai da na kai asuba ina gasa mata ƙafa da ruwan ɗumi ina ba ta farasitamol, don na san idan na je za su ce in ajiye kafin alƙalami, ni kuma abin da ke hannuna bai kai ba, wayarka kuma ba ta shiga." Baffa ya yi shiru. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar majiyyacin da ke cikin halin gaggawa, amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kantar asibiti da dare ya san cewa maganar kuɗi tana zuwa da wuri, kuma tsoronta kaɗai ya isa ya zaunar da uwa a gida. Ga yaro mai sikila, zazzaɓi mai zafi abu ne da likitoci suke cewa a garzaya da shi asibiti nan take, domin ƙwayoyin cuta suna saurin yin galaba a kansa. Awa biyar ɗin nan da Hajiya ta jira ba ƙaramin hatsari ba ne, kuma mataki na uku zai bar ta a daidai wannan matsayi, da katin inshora a jakarta amma har yanzu ita za ta biya.

Wannan ba halin Hajiya kaɗai ba ne. Daga shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1980 cibiyar bincike ta RAND a Amurka ta raba iyalai sama da 2,000 a tsare-tsaren inshora daban-daban, wasu kyauta, wasu da kaso mai yawa a kansu, ta bi su shekaru. An ga cewa waɗanda suke biya daga aljihu sun rage zuwa asibiti, amma ba ziyarar banza kaɗai suka rage ba, har da wadda suke matuƙar buƙata. Ga yawancin mutane masu lafiya hakan bai bar wata illa babba ba, sai dai masu ƙaramin ƙarfi da ke da hawan jini sun fi samun daidaituwar jininsu a tsarin da ba sa biya. Na kawo wannan ne domin Baffa da bakinsa ya amsa cewa a watannin matsi yakan raba ƙwayar maganinsa biyu, ko ya tsallake mako idan ya ji jikinsa garau, alhali hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna.

Mun nemi kamfani ya yarda a raba gidan, Baffa da yarinya a mataki na farko, sauran biyar a na biyu, aka ce iyali ɗaya mataki ɗaya. Mun kuma tabbatar a rubuce cewa tsarin yana ɗaukar sikila da hawan jini, domin akwai tsare-tsaren da suke cire ciwon da mutum ya shigo da shi. Yana ɗauka, amma bayan jiran wata uku. Wannan ya ƙara wa shekarar farko kuɗin maganin wata ukun, ya kuma nuna mana amfanin farawa a Disamba: lokacin ne kuɗin albasa yake hannu, jiran kuma zai ƙare a farkon Maris, tun ruwa bai sauka ba. Da a Afrilu aka fara, da jiran ya ci har cikin Yuli. Yaran shagonsa uku kuwa, samari masu lodi da sauke buhuna, ya yi musu rajista a ILERA EKO, tsarin inshorar lafiya da hukumar LASHMA ta jihar Legas take gudanarwa, domin zubinsa mai sauƙi ne kuma babu ɗayansu da zai iya ɗaukar wani babban kaso. Baffa ya soke zagayen da ya yi, ya sa hannu a mataki na farko.

A Yulin 2025 abin da ake gudu ya faru, kuma a wannan karon ma Baffa yana Arewa. Wajen ƙarfe ɗaya na dare Hajiya ta taɓa jikin yarinya ta ji zafi, ta buga wa maƙwabci ƙofa, kafin ƙarfe biyu suna asibiti. An sa mata ruwa da maganin ciwo nan take, amma lambar izinin da kamfani yake bayarwa kafin wasu gwaje-gwaje ba ta fito ba sai da safe, bayan na yi ta kiran layinsu. Ta kwana huɗu, an ƙara mata jini leda ɗaya. Akwai maganin da babu a asibitin, muka saya a waje naira 18,000, kuma sai bayan wata biyu aka mayar da kuɗin. Ban ɓoye wa Baffa waɗannan kurakurai ba, shi ma bai ɓoye fushinsa ba. Da shekara ta zagayo muka karɓi bayanin abin da kamfani ya biya wa gidan, ya kama kusan naira 790,000, ƙasa da zubin da aka ba su. Baffa ya ce a takarda dai an ci riba a kansa. Hajiya ta ce ita ba ta ƙara kwana zaune da yarinya tana jiran gari ya waye ba. Shi kuma, tun da magani ya zama abin karɓa duk wata ba abin saye ba, bai sake raba ƙwaya ba.

Tayin sabuntawa ya zo a Nuwamban 2025 da sauye-sauye biyu. Zubin mataki na farko ya hau zuwa naira 1,180,000. Mataki na biyu kuma an sake masa fasali: zubi naira 900,000, kason farko naira 250,000, amma yanzu a kan iyali baki ɗaya, kuma na sa an nuna mini wurin da aka rubuta haka. A wannan sabon tsari abin da ya fi yawa da gidan zai kashe shi ne naira 1,150,000, alhali na farko tare da kason magani zai kai wajen 1,220,000. Ratar ba ta da yawa, kuma na gaya wa Baffa cewa naira 70,000 ba ta kai a mayar da Hajiya halin da ta fito ba. Sharaɗin da na gindaya shi ne, idan zai koma mataki na biyu, to a ranar da zai biya zubi a ranar zai ware 250,000 ɗin ya zuba a wani asusu daban da sunan Hajiya, kada ta shiga jarin albasa ko da Fabrairu ta zo da arhar da ba a taɓa gani ba. Ya yi kwana uku yana nazari, domin ga ɗan kasuwa kuɗin da ke kwance a banki lokacin saye abu ne mai ciwo. A mako na biyu na Disamba muka je banki mu uku, aka buɗe asusun, aka zuba kuɗin, sannan ya biya zubin mataki na biyu. Katin cirar kuɗin yana hannun Hajiya, ita kaɗai ta san lambarsa, kuma mun yi da ita cewa duk rasidin da ta biya daga asusun za ta ɗauki hotonsa ta turo mini a ranar, domin in riƙa aika wa kamfani suna ragewa daga kason har ya cika.